Kapo Da Guntun Kapo: Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Ba Zai Ɓata Maka Sautin Jita Ba

A wannan makon mun ɗan ture waya da kwamfuta gefe, za mu duba wata 'yar na'ura da ba ta da batir, ba ta neman caji, kuma tana shiga aljihun riga ta bar wurin biro. Sunanta kapo. Tun da ta bayyana maƙale a wuyan jitata a bidiyon da muka yi kan haɗa ƙaramin situdiyo a ɗaki, saƙonni ke shigowa: mene ne wannan abin, wanne zan saya, kuma me ya sa da na maƙala nawa sautin ya koma wani iri?

Ga waɗanda suka zo kwanan nan, ni ɗalibin injiniyan kanikanci ne, ina digiri na biyu a Jami'ar Ummul Kura a nan Makka. Jita kuwa abokiyar hirata ce idan kai ya ɗauki zafi da lissafi. Don haka da idon injiniya zan kalli abin, amma ba zan cika ku da alƙaluma ba sai inda suka zama dole.

Matsalar da yake magancewa

Ka koyi kod huɗu, G da C da D da Em, hannunka ya saba da su. Sai ka zo rera waƙa, ka ji muryarka ta nutse, ba ta fita. Ko ƙanwarka ce za ta rera, ita kuma muryarta ta fi taka sama. Waƙar na buƙatar a ɗaga ta zuwa wani gida, abin da 'yan situdiyo ke kira ki. Hanya ta farko ita ce ka koyi sababbin kod, waɗanda da yawansu sai ka shimfiɗa ɗan ali a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, kuma duk sabon shiga ya san yadda wannan ke gajiyar da hannu. Hanya ta biyu ita ce kapo: ƙarfe mai roba a ciki, ka maƙala shi a wuyan jita ya danne tsirkiyoyin a madadin yatsanka.

Ka ɗora shi a gaɓa ta 2, wato firet na biyu, ka kama waɗancan kod ɗin yadda ka saba. Abin da kunne zai ji shi ne A da D da E da F#m. Kowace gaɓa tana ɗaga sauti da rabin mataki. Idan ka kama Am kapo yana gaɓa ta 3, Cm ke fita.

Wasu na cewa ai kapo sama kawai yake kai waƙa, to idan ta yi wa mutum tsayi fa? Akwai dabara. A ce waƙa tana gidan G, kai kuma E ne daidai da maƙogwaronka. Ka sa kapo a gaɓa ta 2, ka kama siffar D da G da A. Sautin da zai fita E da A da B ne. Ka sauko da waƙar ke nan da gaɓa uku, ba tare da ka taɓa kod mai wuya ko ɗaya ba. Wanda ke tilasta muryarsa a gidan da ba nata ba, kafin ya gama ɗaukar waƙa ta uku zai ji murya ta dushe. Wannan ɗan ƙarfen na iya hana hakan.

Sunan daga Italiyanci yake, an gutsuro shi daga kalmar kapotasto. Ba sabon abu ba ne: tun 1850 wani maƙerin jita mai suna James Ashborn ya yi rajistar mallakar fasahar nasa a Amurka.

Lissafin da ke ƙarƙashi

Sautin tsirkiya ya dogara da abu uku: tsayinta, ƙarfin jan da aka yi mata, da kaurinta. Marin Mersenne na Faransa ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1636. Idan ka rage tsayi zuwa rabi, karkarwar tsirkiya za ta ninka biyu. Shi ya sa gaɓa ta 12 take daidai tsakiyar tsirkiya.

A jitar da tsayin tsirkiyarta ya kai milimita 648 daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa jaki, ƙarfen gaɓa ta farko yana wajen milimita 36 daga ƙashin. Ana samun wannan ne ta raba tsayin da 17.817, sannan a sake raba abin da ya rage da wannan adadi don samun gaɓa ta gaba, shi ya sa gaɓoɓin ke ƙara matsewa idan kana gangarowa. Tsirkiya mafi kauri, E, tana karkarwa kusan sau 82 a daƙiƙa. Da kapo a gaɓa ta 2 sai ta koma kusan 92.5, wato F#.

To ga inda gizo ke saƙar. Aikin kapo shi ne ya rage tsayi kawai, amma ba zai iya ba sai ya danna tsirkiya ƙasa, kuma dannawa na ƙara mata ja. Idan ja ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, sauti zai haura da kusan rabin kashi ɗaya. Kamar ba komai ba ko? Masu kiɗa na raba rabin mataki gida 100, suna kiran kowane gida sent, kuma wannan ɗan ƙarin ya kai kusan sent 9. Kunne na jin sa sarai, musamman idan akwai piyano ko wata jitar a gefe. Abin da ya fi muni, tsirkiyoyin ba sa haurawa daidai da juna, masu kauri sukan fi tafiya. Wannan shi ne "wani iri" ɗin da kuke tambaya a kai.

Idan kuma dannawar ta yi kaɗan, tsirkiya ba za ta zauna a kan ƙarfen gaɓa ba, sai ka ji tana ziza kamar ƙudan zuma ya shiga cikin jitar. Duk wani kapo mai kyau ƙoƙarinsa ɗaya ne, ya tsaya tsakanin waɗannan biyun.

Ire-irensa

Na farko shi ne mai sifirin, wanda ake matsewa kamar abin shanya kaya. Kyser Quick-Change da ake ƙerawa a Texas shi ne aka fi sani, sai Dunlop Trigger, sai kuma ɗimbin marasa suna da suka kwaikwaye su. Da hannu ɗaya za ka maƙala shi, ka cire shi, ka matsar da shi tsakanin waƙa da waƙa. Rauninsa kuwa 'yan ajin kimiyya sun riga sun sani: sifirin yana ƙara ƙarfi gwargwadon yadda aka buɗe shi. Wuyan jita yana ƙara kauri idan kana gangarowa wajen cikinta, don haka matsin da ya yi daidai a gaɓa ta 1 zai iya yin yawa a gaɓa ta 7, kuma ba ka da hanyar rage shi.

Na biyu shi ne mai liba da sukuru, irin na kamfanin Shubb na Kalifoniya, wanda Rick Shubb da Dave Coontz suka fara tun 1974. Kana murɗa ɗan sukuru ka saita matsin, sannan ka tura libar ta kulle. Siriri ne, ba ya tokarar hannu. Sai dai yana son hannu biyu, kuma idan ka canja gaɓa da nisa sai ka sake taɓa sukurun.

Na uku shi ne mai sukuru zalla. D'Addario NS, wanda Ned Steinberger ya zana, yana cikinsu. Akwai kuma irin na Paige da ke zagaye wuyan gaba ɗaya kamar munduwa, sukurun na turowa daga tsakiyar baya, don haka matsin yana rabuwa daidai a kan tsirkiyoyi. Wannan ba na gaggawa ba ne, amma a wajen ɗaukar sauti samun kamarsa sai an tona.

Na huɗu shi ne G7th na Ingila. Kana matse shi da yatsu kamar yadda za ka danna kod, sai ya kulle a daidai ƙarfin da ka ba shi. Samfurin Performance 3 yana da wani tsari a ƙarƙashin robar da ke bin lanƙwasar wuyan jita da kansa. Fasaha ce mai kyau, amma kuɗinsa yakan ninka na mai sifirin sau biyu ko fiye.

Akwai na biyar, wanda kowane ɗan makarantar kwana zai iya haɗawa: fensir da robar ɗaure kuɗi. Ka kwantar da fensir a kan tsirkiyoyi, ka zagayo da roba ta baya. Yana aiki idan dare ya yi kuma babu wani zaɓi, amma kar ka shiga situdiyo da shi.

Abin dubawa kafin ka miƙa kuɗi

Ka fara da fuskar wuyan jitarka. Jita mai tsirkiyar nailan, wadda ake kira kilasikal, fuskarta a shimfiɗe take, kuma faɗinta ya kai wajen milimita 52. Mai tsirkiyar ƙarfe ta fi siranta, wajen milimita 43 zuwa 45, kuma fuskarta na da ɗan doro. Doron ma ya bambanta. Ana auna shi da rabin faɗin da'irar da aka yanko shi daga ciki: tsofaffin Fender inci 7.25, sababbi yawanci 9.5, Gibson 12, Martin 16. Ƙaramar lamba, babban doro. Idan ka sa miƙaƙƙen kapo a wuya mai doro, zai danne tsakiya ya bar gefe yana ziza. Idan ka sa lanƙwasasshe a shimfiɗaɗɗen wuya, gefe zai matsu, tsakiya ya yi sako-sako. Kwalin kapo mai kyau yana faɗin irin jitar da aka yi shi dominta, ka karanta.

Sai kaurin tsirkiya. Jitar lantarki mai siraran tsirkiyoyi da dogayen ƙarafan gaɓa ba ta jure matsi, nan da nan sauti ke haurawa. Ita kam mai sukuru ya fi dacewa da ita. Mai tsirkiya 12 kuma tana son kapo mai faɗi da ƙarfi.

Sai roba. Ka danna ta da farce. Idan ta yi laushi kamar soso, tsirkiya za ta nutse ciki, sauti ya dushe. Idan ta yi tauri kamar leda, ba za ta kama siraran tsirkiyoyi ba. Ka kuma tabbata duk inda ƙarfe zai taɓa katako akwai roba a wurin.

Wajen ɗorawa, ka sa shi dab da bayan ƙarfen gaɓa, a miƙe. Idan ya hau kan ƙarfen sauti zai mutu, idan ya koma tsakiyar gaɓa zai ja tsirkiya ƙasa fiye da kima. Ka saita jita kafin ka maƙala, ka sake dubawa da manhajar saiti a wayarka bayan ka maƙala. Wannan shi ne gwajin da nake so kowa ya yi a shago: gaɓa ta 2, ta 5, da ta 7, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Allurar manhajar za ta faɗa maka gaskiyar da mai shago ba zai faɗa ba.

Guntun kapo

Yanzu mun zo inda abin ya fi daɗi. Guntun kapo ba ya kama tsirkiyoyi shida duka, yana danne wasu ya ƙyale wasu. Makaɗin Amurka Harvey Reid na cikin waɗanda suka fi yaɗa shi, tun lokacin da shi da abokinsa suka kafa kamfanin Third Hand Capo a 1980.

Saitin jita na yau da kullum, daga mai kauri zuwa siririya, shi ne E A D G B E. Mai kama tsirkiya uku, irin Kyser Short-Cut ko Shubb C7, ana ɗora shi a gaɓa ta 2 a kan A da D da G. Sakamakon shi ne E B E A B E. Ka kaɗa ba tare da ka danna komai ba, za ka ji sauti mai faɗi, wanda bai karkata ga farin ciki ko baƙin ciki ba, domin sauti uku ne kawai a ciki: E da A da B. Ka ɗora yatsa ɗaya a gaɓa ta 4 ta tsirkiya ta uku daga ƙasa, ka sami kod ɗin E mai sauti biyu, E da B. Yatsa ɗaya tak.

Idan ka juya shi ya kama D da G da B, za ka sami E A E A C# E, wato kod ɗin A a buɗe. Akwai kuma mai kama biyar ya bar mai kaurin, irin Shubb C8 ko Kyser Drop-D. Da shi, idan ka kama siffar D, za ka ji E mai zurfi tana gurnani a ƙasa. Wannan ba sai ka sayi komai ba: ka maƙala kapo mai sifirin ta ɓangaren siraran tsirkiyoyi, ka ja shi baya kaɗan har ya saki ta shida. SpiderCapo kuwa yana da ɗan yatsa guda ga kowace tsirkiya, kai ke zaɓar wadda za a danne. Ya fi kowanne ba da dama, ya kuma fi kowanne cin lokaci wajen ɗaurawa.

Me ya bambanta wannan da murɗa kunnuwan jita ka canja saiti? Idan ka canja saiti, kowane sauti a kan wuyan ya bar mazauninsa, sai ka sake koyon hanya. Da guntun kapo kuwa, buɗaɗɗun tsirkiyoyi kawai suka canja. Duk abin da ka danna gaba da kapon yana nan inda ka san shi. Kuma ba ka yawan ja da sassauta tsirkiya, abin da ke sa ta saurin tsinkewa, kuma kun san kuɗin sabon saiti ba wasa ba ne ga ɗalibi.

Yana da nasa cikas. Gaɓoɓin da ke bayan kapon a tsirkiyoyin da aka bari suna nan a raye, kuma wani lokaci sai ka tsallaka ƙarfen ka danno su. A nan siririn kapo ya fi mai dogon hannu. Sannan yana ɗaure ka a gidan E ko A. Idan kana son wani gida, sai ka haɗa biyu: cikakken kapo a gaɓar da kake so, guntun kuma gaɓa biyu gaba da shi.

Me ya haɗa shi da kiɗanmu?

Duk wanda ya zauna kusa da mai molo ko gurmi ya ga wannan ƙa'ida da idonsa. Tsirkiyoyin a ɗaure suke a jikin sanda, makaɗi na matsar da ɗaurin don ya saita sauti. A dangin waɗannan kayan kiɗa na Afirka ta Yamma, irin ngoni na Mali da halam na Senegal, akwai gajerun tsirkiyoyi da ba a danna su, aikinsu su riƙa maimaita sauti ɗaya a ƙarƙashin waƙa. Guntun kapo abin da yake ba jita ke nan. Ku saurari Ali Farka Ture, ko Tinariwen, ko Bombino na Agadas: babban yatsa na riƙe da sauti ɗaya a ƙasa, sauran yatsu na yawo a sama. Waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya, kuma E da A da B duk suna cikin jerin E G A B D. Don haka ka bar buɗaɗɗun tsirkiyoyi suna amo, ka bi karin waƙar a tsirkiya ɗaya, za ka ji jitar ta fara magana da harshen gida.

Saitin E B E A B E ɗin nan ma yana da tarihi da ƙasashen Larabawa. Shi ne saitin DADGAD da aka ɗaga da gaɓa biyu, kuma Davey Graham na Birtaniya ne ya yaɗa DADGAD a farkon shekarun 1960, bayan ya je Maroko ya saurari masu kaɗa udu. Wani abokin karatuna ɗan nan ƙasar, mai kaɗa udu, ya yi dariya da ya ga kapo, ya ce su ba su san wannan wahalar ba. Gaskiyarsa, udu ba shi da ƙarafan gaɓa, yatsa na sauka duk inda ya so. Shi ya sa makamai irin Rast da Bayati, masu sautin da ke faɗawa tsakanin gaɓa da gaɓa, ba kapon da zai fitar maka da su a jita. Makamin Hijaz kuwa, mai sunan wannan yanki da muke ciki, yana zama a jita ba laifi, kuma da guntun kapo yana riƙe maka E a ƙasa, abin sai wanda ya ji.

Zafi, da inda ake samu

A Makka zafin bazara yana wuce digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya fi haka nesa. Roba ba ta son wannan, takan bushe ta tsage ko ta yi danƙo. A ɗaki kuma na'urar sanyaya wuri na tsotse laimar iska, alhali katakon jita ya fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55. Idan katako ya bushe, tsayin tsirkiya daga wuya na canjawa, sai kapon da ke aiki lafiya ya fara ziza ka ɗauka shi ne ya lalace. Mutanen Kano da Maraɗi, hunturu na yi muku irin wannan. Ku riƙa mayar da jita cikin jakarta. Kada kuma ku bar kapo a maƙale kwana da kwanaki: yana cin roba, yana gajiyar da sifirin, kuma wasu robobin na barin tabo a fentin jita.

Masu cewa in aiko musu ta hannun alhazai, ku sani ba kayan kasuwar tsaraba ba ne, ba za a same shi tsakanin dabino da jallabiya ba. Garin nan yana da alfarmarsa, ni ma a ɗakina nake kiɗana, ƙofa a rufe, sauti a ƙasa. Kayan jita a Jidda na fi samunsu, kuma jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana kai mutum daga tashar Rusaifa cikin kusan rabin awa. In ba haka ba sai oda ta Amazon ko Noon. A gida kuwa ku leƙa shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano, ko ku yi saƙo daga Alaba a Legas. Cikakken kapo ba ya wuyar samu. Guntun ne sai an yi oda, ko kuma ka sayi mai arha ka yanke shi da zarto daidai faɗin tsirkiya uku, ka goge bakin da fayil. Ku kula da jabu: idan an rubuta babban suna amma kuɗin bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba, araha ba ta ado.

Wanne za ka saya?

Idan yanzu ka fara, kuma jitarka mai tsirkiyar ƙarfe ce, mai sifirin ya ishe ka, muddin ya ci gwajin manhajar saiti. Idan kana ɗaukar sauti ko jitar lantarki gare ka, ka ƙara kuɗi ka ɗauki wanda ake saita matsinsa. Ni Shubb ne ke zaune a jakata saboda wannan dalili. Mai jitar nailan ya nemi miƙaƙƙe mai faɗi. Guntun kapo kuwa, ka fara gwada dabarar sakin tsirkiya ta shida da wanda kake da shi. Idan sautin ya kama ka, sannan ka nemi mai kama uku.

A bidiyo mai zuwa zan ɗora kowannensu a jita ɗaya, makirufo ɗaya, allon manhajar saiti a gefe, ku ji da kunnenku ku gani da idonku. Wanda ya gwada guntun kapo da wata waƙar gida ya turo mana mu saurara. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.